Numfashi Uku

Ku ajiye jakar nan tukuna. Na ce ku ajiye, ba guduwa za ta yi ba. Tun safe nake kallonku kuna saɓa ta a kafaɗa kuna taku ɗai-ɗai, har na ji wannan mai jar rigar yana cewa ai aikin kadi ba komai ba ne, bin mai kuɗi ne a baya da jaka kana shan iska. Madalla. Jaki ma yana ɗaukar kaya yana bin mutum, amma ban taɓa ganin an tambaye shi shawara ba. Ku zauna a kan dutsen nan. Kafin hannunku ya taɓa sanda akwai abin da bakinku zai koya, kuma sai na gaya muku dalili.

Sunana Sale, a Rikkos aka haife ni. Kakana daga ƙasar Katsina ya zo haƙar kuza, tari ya kashe shi, ya bar mana ɗaki biyu da shebur. Ina da shekara goma sha biyar wani maƙwabcinmu mai wanki da guga ya kawo ni filin golf ɗin nan, wanda 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu, ya damƙa ni a hannun shugaban masu ɗaukar jaka, Baba Gyang. Mutumin ƙauyen can ne da kuke hange bayan ramin kuza. Gajere ne, ba ya dariya sai ranar Kirsimeti, kuma in ya buɗe baki har tsuntsayen kan bishiya sai sun tashi.

Ranar farko na zo da zumuɗina, ina jira a saɓa min jaka. Ya dube ni sama da ƙasa, ya zaro ƙwallo daga aljihu ya miƙo min.

"Ciza," in ji shi.

Na ciza. Haƙorina ya yi ƙara.

"Ka ji shi? Dutse ne aka shafa masa farin fenti. In ya sami mutum a nan," ya dangwali gefen kunnena, "babu maganar asibiti. Sai dai a kira Fasto ko a kira Liman."

Daga nan ya ja ni bakin ramin kuza, inda ake buga rami na goma sha huɗu, ya nuna min gonakin da ke hannun dama, nesa, bayan shingen ƙerana. Ya ce in ƙwallo ta bar hanya ta nufi mutane, kalma ɗaya ce ke riga ta isa, ita ce "Fo!" Turanci ne, kuma har yau ban san asalinsa ba, amma duk wanda ya tashi a gefen filin nan ya san ma'anarsa: duƙa ka rufe kanka. Ya ce daga lokacin da ƙwallo ta bar sanda zuwa lokacin da za ta sauka, numfashi uku ne. Na farko na gani ne, na biyu na ihu, na uku na wanda ke can ne ya ɓoye kansa. In ka cinye na biyu wajen tunani, ka cinye masa nasa.

Ba a taƙaice yake yin ihun ba irin na Turawa. Daga ciki yake ɗauko shi ya ja shi da tsawo, sannan ya ɗaga ƙarshen sama, kamar mai kiran ɗan kwale-kwale daga wancan ƙetare. Haka ya ce in yi. Matarsa, Ngo Kaneng, Ngo ɗin nan uwa ke nan a yarensu, tana da gonar dankalin Turawa a bayan shingen. Ita ce mai jarrabawa. In ta ji ihun ya ishe ta, za ta ɗaga fartanya sama. Kullum da safe ina bakin rami ina ta tsage maƙogwaro, matar nan ko ɗagowa ba ta yi. Na yi fushi, na yi kuka, na ce da gangan take yi. Sai da na shafe wata guda cur, ranar wata Laraba, na ga fartanya ta tashi. Ran nan ta aiko min da gwaten acca a kwano, shi kuma ya bar ni na taɓa jaka.

Doka ta biyu ita ce ta gona. In ƙwallo ta faɗa gonar mutane, ta zama ta mai gona har sai ya ba ka. Ba a tsallake shinge. Za ka tsaya a bakinsa ka ce, "Gafara dai masu gona, ƙwallonmu ta yi ɓatan kai." Ko babu kowa a ciki sai ka faɗa. Na taɓa ganin ya kori ɗan ƙanensa daga aiki a kan kunyar dankali ɗaya da ya taka.

Sauran aikin kuwa, a hankali za ku gane cewa jaka ita ce mafi sauƙi a ciki. Sanda goma sha huɗu ce a cikinta, kowace da nisan da take kaiwa, kuma nisan yana canzawa da hannun mai bugu. Akwai babbar da suke kira direba, ko da yake ba ta taɓa tuƙa kowa zuwa ko'ina ba sai daji. Akwai ƙarafa masu lamba. Kai ne za ka kalli mutum ya yi bugu biyu ka san ƙarfinsa, ka miƙa masa wadda ta dace tun bai tambaya ba. Iskar Jos kuma munafuka ce, a nan ƙasa ciyawa tana kwance shiru, a sama tana kwasar ƙwallo. Shi ya sa kan dogayen itatuwan turare ake kallo, ba tutar da ke kan rami ba. Ga kuma burawun, wato da'irar yashin da ramin yake ciki, wanda ake kwaɓawa da baƙin mai. Kafin mutum ya tura ƙwallo sai ka ja masa hanya da wani ƙarfe mai kama da manjagara marar haƙora, ja ɗaya, daga rami zuwa ƙwallo, ba tsayawa. In hannunka ya yi rawa ƙwallo ta goce, ba zai ce hannunsa ba ne. Babban mutum ba ya kuskure a filin golf, kadi ne ke yi masa.

Masu bugu iri-iri ne. Akwai wanda zai tura ƙwallo da ƙafa daga cikin ciyawa yana kallon sama, yana so kai ma ka kalli sama. Akwai wanda ya zo neman kwangila ne, yana barin mai girma ya ci shi da gangan. Amma waɗanda suka fi riƙe mu su ne baƙi. A da, daga Legas, daga Kaduna, daga ƙasashen waje, mutane na zuwa Jos shan sanyi. Da safe a kai su su ga tsofaffin gine-ginen zamanin kuza, gidajen dutse masu murhu a falo da bututun hayaƙi, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, da yamma su zo su buga rami tara ko goma sha takwas. Mu ne 'yan rakiya, domin mun san gidan da kowane Bature ya zauna da sunan da leburori suka laƙaba masa. Da wannan na yi aure, da shi na sa yara makaranta.

Sai shekarar da garin nan ya kama da wuta. Ba zan ba ku labarinta ba, iyayenku sun sani, wasunku ma an gudu da ku a goye. Abin da ya shafi sana'a shi ne baƙi sun ɗauke ƙafa ɗif. Ciyawa ta cinye fili, awaki suka mai da burawun wurin kwana. Gari ya rabu, kowa ya san titin da ba nasa ba. Ni ina Rikkos, fili yana wancan ɓangare. Na koma Farin Gada ina dakon buhunan kabeji, ni da na saba Turawa na tambayata wace sanda za su ɗauka.

A cikin watannin nan Baba Gyang ya rasu, hawan jini. Saƙo ya iso ni a kan lokaci, ba zan ce bai iso ba. Na sa riga, na fito har bakin titi, na tsaya ina kallon motocin da ke tafiya wajensu. Sannan na koma gida na cire rigar. Tsoro na ji. Mutumin da ya koya min abin da nake ci da shi shekara ashirin da bakwai aka binne ban je ba, kuma bayan ƙura ta lafa kunya ta hana ni zuwa gaisuwa. Kullum sai in ce gobe.

Da aka sake buɗe fili, mu shida muka dawo cikin mu talatin da wani abu. In na fito daga gida da hulata ta saƙi nake fitowa, in mota ta kai wata mararraba sai in tura ta aljihu in kifa hana-salla. An kuma girke masu kaki da bindigogi a tsohon ɗakin injin ruwa, dab da rami na goma sha huɗu. Yara ne yawancinsu, daga nesa aka kawo su, ba su san Hausa ba, ba su san golf ba, kuma sun fi mu jin tsoro.

Wata Asabar wani abokin aikinmu, Bulus, ya ga ƙwallo ta nufi masu yankan ciyawa, ya yi abin da aka koya masa. Ɗaya daga cikin masu kakin yana gyangyaɗi, ya farka ya ji kamar an ce "Faya!", wato a buɗe wuta. Ya saki harsashi sama. Kafin a ce kwabo ƙauye ya watse, mata na gudu da yara. Kafin la'asar labari ya kai Titin Bauchi cewa an sake farawa, aka rufe shaguna, aka kwashe yara daga makarantun Islamiyya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Washegari Sakataren kulob ya tara mu a gindin mangwaro.

"Daga yau babu Fo a filin nan," ya ce. "Ba ihu, ba gudu, ba fito. Duk wanda ya ɗaga murya ya ajiye rigar aiki ya kama gabansa. Kun ji ni?"

"Oga, in ƙwallo ta nufi mutum fa?" na tambaya.

"Ka yi masa addu'a."

An sallami Bulus a ranar. Ban ce Sakatare mugu ba ne. Shi ma yana da 'ya'ya, kuma ya ga abin da ihu ɗaya ya jawo.

Bayan haka da kamar wata biyu aka ce ga baƙo daga Ingila, na farko tun da abin ya faru. Sakatare ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce mutumin nan in ya koma lafiya ya ba da labari, wasu za su biyo shi, in kuwa aka sami matsala, to mu duka mu koma dako. Ya ce ni zan raka shi gari da safe, ni zan ɗaukar masa jaka da yamma, shi ma da kansa zai buga tare da shi.

Dattijo ne dogo, ya haura saba'in. A nan Jos aka haife shi, ubansa injiniyan kuza ne, shi ya sa nan take direban motar da ta ɗauke mu ya sa masa suna Ɗan Kuza. Yana jin Hausa, amma irin ta tsohuwar da ta yi renonsa. Yana fitowa daga masauki ya ga rana ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo ni 'yasu!" Direba ya kusa faɗawa kwata don dariya.

Gidan da aka haife shi yake nema. Muka ratsa shingen bincike huɗu kafin mu kai. A kowanne sai a leƙo a dube shi a yi murmushi, a dube ni a daina. Gidan yana nan a kan tudu, na dutse, rufin kwano ya yi tsatsa, wani ma'aikacin gwamnati mai ritaya ke ciki. Ya bar mu muka shiga. Ɗan Kuza ya wuce kai tsaye wurin murhu, ya durƙusa da ƙyar, ya laluba wani dutse a gefe ya nuna min harafi biyu da ya kankara da ƙusa yana yaro. Ya daɗe a durƙushe. Da muka fito ya hangi layin gidajen da aka ƙone a gangare, babu rufi, bango baƙi.

"Sale, wannan fa? Su ma na zamanin kuza ne?"

"A'a, ranka ya daɗe. Waɗannan sababbi ne."

Ya juya ya shiga mota.

Da ƙarfe biyu na rana muka fara wasa. Yana bugu a hankali, ba nisa amma a miƙe, irin na tsofaffin hannu. Har rami na goma sha uku babu abin da ya faru, sai dai duk filin shiru kamar gidan makoki, ga Sakatare yana ta waige-waige. Da muka hau tudun na goma sha huɗu na ga masu kaki biyar a inuwar ɗakin inji, bindigogi a kan cinya. Na kalli kan itatuwa na ga iska tana turawa dama. Na kalli dama. A bayan shingen ƙerana akwai mace ɗaya a duƙe tana tonon dankali, da farin daro a gefenta. Ko daga bangon duniya na san wannan duƙawar. Ngo Kaneng ce. Rabona da ita tun mijinta na da rai.

Na zaro ƙarfe mai lamba biyar na miƙa masa. Ya girgiza kai, ya sa hannu da kansa ya ciro wata tsohuwar direba ta katako da ya zo da ita.

"Ta babana ce. Daga nan yake tsallake ramin nan da ita. Saboda bugun nan na zo."

"Ranka ya daɗe, iska ba ta da kyau. Kuma akwai mutum a gona."

"Haba, ai da nisa," in ji Sakatare, yana harara ta. "Bar baƙo ya yi wasansa."

Kunnen kadi yana riga idonsa sani. Bugun da ya zauna yana da ƙara mai daɗi, wannan kuwa ƙarar gefen sanda ce. Ƙwallon ta tashi kamar za ta miƙe, ta tsallake ramin, sai iska ta karɓe ta ta fara lanƙwasa ta dama. Na ga inda za ta sauka kamar an zana min a ƙasa.

Zan so in ce muku na auna aikina da 'ya'yana da bindigogin nan, sannan na zaɓi gaskiya. Ƙarya ne. Babu abin da na auna. Bakin da aka yi wata guda ana horarwa a daidai wurin nan shi ya buɗe da kansa, ihun ya fito tun daga cikina, da jansa da ɗaga ƙarshensa.

Ngo ba ta ɗago ta duba ba. Ta saki fartanya, ta fizgi daron ta kifa a kanta, ta zube. Ƙwallon ta sauka a tsakiyarsa. Ƙwam! Ramin kuza ya karɓi ƙarar ya maido ta sau biyu. Ni kaina da na ga abin da idona, na ɗauka harbi ne.

Sai na ji ana ɗana bindigogi. "Lai dawun! Lai dawun!" Muka zube a ciyawa. Ɗan Kuza ya tsaya baki buɗe da sanda a hannu, sai da na finciko ƙafar wandonsa. Sakatare yana kwance kusa da ni, bakinsa cikin ciyawa, yana cewa, "Ka kashe mu, Sale. Ka kashe mu." Daga can ƙauye na ji wata mace ta kurma ihu, "An harbe Ngo!" Kafin ka ce me, samari sun fara gangarowa, wasu da fartanya, wasu da adda. A wajen faɗuwa hana-sallata ta cire, hular saƙin ta zubo daga aljihu tana nan a fili kowa na gani.

Kofur ɗinsu ya iso kaina, bakin bindiga a tsakanin kafaɗuna. 

"Hu tok faya? Wa ya ce faya?"

"Ni ne, oga. Amma ba faya na ce ba. Fo na ce."

"Fo wetin? Mutum huɗu? Ina suke?"

Ya ɗauka Fo ɗin huɗu ne na Turanci, ni kuwa idona na kan gona. Daron yana nan a kife, ba ya motsi. Ban san ko ƙarfen ya tare ba ko ya lotsa har ciki. A duk abin da ya faru ran nan, wannan ne ya fi tsaya min a rai, ba bindigar ba.

Ɗan Kuza ne ya yi ta yi wa kofur bayani da Turanci daga kwance, har ya yarda a je a duba. Kofur ya tashe ni ya tasa ni gaba, hannuwana a sama. Muka zagaya bakin rami. Tafiyar da nake yi kullum ba tare da na san na yi ta ba, ran nan ta yi min nisa. Muna isowa ta wannan gefe, samarin ƙauye suna isowa ta wancan, sun fi ashirin. Suka ga bindiga suka ja burki a ƙarshen gona. Wani a cikinsu ya nuna ni.

"Ga shi nan! Bahaushe ne! Shi ne!"

Kofur ya ɗaga bindiga wajensu. Babu wanda ya ja da baya. Gona ce kawai a tsakani, da daro a tsakiyarta.

"Muf," ya ce da ni, yana tura ni in tsallake shinge.

Na kasa. Ba jarumta ba ce, ƙafar ce ba ta saba ba. Na tsaya a bakin ƙerana, hannu a sama, na ce:

"Gafara dai masu gona. Ƙwallonmu ta yi ɓatan kai."

Sai daron ya motsa. Hannu ya fito ya ture shi gefe. Ngo ta tashi zaune a hankali, ta shafa kanta, ta duba tafin hannun, babu jini. Ta jawo daron ta sa yatsa a lotsawar da ke gindinsa, wadda ƙwai zai zauna a ciki.

"Wane ne ya yi Fo ɗin nan?" ta ce.

"Ngo, wannan mutumin ne ya jefe ki," in ji wani saurayi mai adda.

"Rufe baki. Ban tambaye ka wanda ya jefa ba. Na ce wa ya yi Fo."

"Ni ne, Ngo," na ce. "Sale ne."

Ta juyo. Ta tsufa sosai a shekara ɗayan nan. Ta kalle ni har na sunkuyar da kai.

"Na ɗauka Baba ne ya tashi," ta ce.

Ta laluba ta ɗauki fartanyarta, ta dogara da ita ta miƙe. Sai ta ɗaga ta sama, hannu ɗaya, yadda ta yi ranar Larabar nan. Samarin ba su gane ba, kofur bai gane ba, har ya gyara riƙon bindiga. Ni kuwa hawaye ne suka zubo min, a gaban kowa.

Ta juya ta yi wa samarin magana da yarensu. Ban ji duka ba, amma na ji sunan Baba Gyang sau uku, na ga adduna suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta fuskanci kofur.

"Oga soja, sauke abin nan. Wannan ihu ya girme ka. Shekara arba'in ina jin shi a gona na, shi ya sa har yau kai na yana wuya na."

Wani ya fassara masa. Ya sauke, ya share zufa da hannun riga. Ita kuma ta duba cikin kunyar dankali ta tsinci ƙwallon, ta goge ta, ta ƙulle a bakin zane.

"Ngo, ta baƙo ce," na ce.

"A gona na ya faɗi. Ka san doka. Ka zo gida ka karɓa." Ta ɗora daro a ka. "Ko ka manta hanya?"

Ba a ƙarasa wasan ba. Sakatare bai jira mun kai ofis ba, a gindin mangwaro ya ce in cire riga. Ɗan Kuza ya roƙa, ya ce laifinsa ne, ya ce an ba shi sandar da ta dace ya ƙi. Sakatare ya ce doka doka ce, in ya bar ni me zai ce wa Bulus? Ban yi musu ba, gaskiyarsa ce. Baƙon ya tafi washegari. Na koma kan kabejina a Farin Gada, wata huɗu, har sai da aka sauya masu kakin, manyan kulob kuma suka gaji da burawun mai tudu da kwari, aka aiko a kira mu ni da Bulus.

Amma kwana uku bayan abin na je ƙauyen, da rana tsaka. Ba zan ɓoye muku ba, hana-salla na sa, kuma kowane taku sai na ji kamar ana bina. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince acca. Ta dubi kaina.

"Cire wannan abu. Baba da hula ya san ka."

Na cire, na sa tawa. Ta kai ni bayan gida ta nuna min kabarin. Na tsaya a gefensa, kaina a ƙasa. Da muka dawo ta zuba min gwate, ta zauna tana kallona sai da na cinye. Sannan ta kwance bakin zane ta ajiye ƙwallon a tafin hannuna, ta riƙe hannun ba ta saki ba.

"An ce oga ya hana ku ihu."

"Haka ne, Ngo."

"Da ka bi maganar oga," ta ce, "da jana'iza biyu ke nan ba ka zo ba."

Ga ƙwallon nan, kullum tana aljihuna. Wannan tabon na jikin daro ne. Kai mai jar riga, matso. Ungo, ciza.

Ka ji ko? To ku tashi ku bi ni bakin rami. Tana can, na hango ta tun ɗazu. Kunnenta ya yi nauyi yanzu, sai kun dage. Wanda bai sa ta ɗaga fartanya ba, ba zai taɓa jaka a filin nan ba.